Kwalekwalen da Baba Ya Shanya

Shekara talatin Baba yana jan tirela daga tashar jirgin ruwa ta Lomé zuwa Yamai. Da idonsa ya fara rauni sai ya ajiye tuƙi, ya tattara abin da ya tara ya sayi tsohon kwalekwale a hannun wani masunci ɗan ƙabilar Ewe. Nufinsa idan damina ta zo, kogin Zio ya cika ya shanye hanya kamar yadda ya saba, ya riƙa ƙetarar da mutanen unguwarmu ta Zongo. Da wannan za mu ci abinci.

Baba mutumin tudu ne. A garinsu duk abin da ake so ya daɗe shanya shi ake yi: nama, kuɓewa, fata. Don haka ya ɗora jirgin a kan bulo a tsakar gida, inda rana ta fi zafi, ya hana Inna yin wanki kusa da shi kada ruwa ya taɓa shi. Ni kuwa na mai da cikinsa ɗakin karatu, ina kwance ina kallon gajimare, ina jin katakon yana ƙara a hankali. Na ɗauka kewar teku yake yi. Ashe tsagewa yake.

Wata uku, gefe guda ya murɗe, ƙasan ya buɗe har ina hango kaji ta cikinsa.

Masuncin ya zo ya zagaya shi sau biyu, ya tambaya ko kilishi ake son yi da shi. Sannan ya faɗi maganin: a kai shi kogi, a cika shi da duwatsu, a nutsar.

"Na saye shi don ya tashi a kan ruwa," in ji Baba.

"Alhaji, ƙishirwa yake ji."

Kwana biyu Baba ya yi kafin ya yarda. A na uku muka bi shi bakin kogi, muka ga dukiyarmu ta nutse da hannunsa.

Bayan mako biyu aka tsamo shi. Katakon ya kumbura, tsagogin sun matse. Baba da masuncin suka tokare cikin da gungume, suka cusa tsumma a sauran ramukan, suka bi da kwalta mai zafi. Tsohon zanen Inna ma can ya tafi.

Jirgin ya tashi, bai yi yoyo ba. Sai dai murɗewar ba ta saki duka ba, kullum hagu yake ja. Fasinjoji na gunaguni, Baba kuwa ko a jikinsa. Ya ce tirelarsa ma haka take ja tun daga Lomé har Yamai, kuma bai taɓa zubar da kayan kowa ba.