Bambaron Mai Agogo

Shekara talatin da bakwai Mai Agogo ya yi a rumfa ɗaya, tsakanin shagon tela da na mai facin taya, da gilashi manne a idonsa na dama. Sana'ar ta koya masa cewa ƙaramin abu ya fi babba inganci, kuma bai taɓa ganin dalilin sauya ra'ayi ba. Bayan gyaran agogo, abu ɗaya ya iya: kaɗa bambaro, ɗan ƙarfen nan da ake dannawa a haƙora ana taɓa harshensa da yatsa. Ba ya kaɗa wa kowa sai matarsa, da la'asar, tana ninke wanki a tsakar gida.

Da shekaru suka ja, kunnenta ya yi nauyi. Wata rana ya kai ƙarshen waƙa guda cur, sai ta ɗago ta ce, "Malam, yau ba za ka kaɗa ba ne?"

Washegari ya rufe rumfa ya nufi maƙera.

"Ƙarami nake so, wanda bai kai ɗan yatsa ba," in ji shi. "Mai siririyar murya, ya huda kunne kamar allura."

Maƙerin, wanda tare suka taso, ya ajiye guduma. "Kunnen wa za a huda, tsoho?"

"Na uwar 'ya'yana."

"To ka taho a karkace. Ni ma dukan ƙarfe ya cinye mini kunne. Siririn sauti ne ke fara guduwa. Na daina jin kukan tsuntsu, amma motar kaya tun daga kwana nake jin ta. Babba za ka ɗauka, mai dogon harshe."

"Kai da ba ka san minti ba sai fitowar rana da faɗuwarta, kai za ka koya mini sauti?"

"Bakinka ne, matarka ce," in ji maƙerin, ya ƙera masa abin da ya nema.

Kwana shida Mai Agogo yana kaɗa ƙaramin. Maƙwabta sun ji har ta bayan katanga. Ita kuwa bakinsa take kallo, in ta ga yatsansa ya tsaya sai ta gyaɗa kai, ko da numfashi kawai ya tsaya ja. A rana ta bakwai ya koma maƙera, ya ajiye ƙarfen a gaban abokinsa. Maƙerin ya miƙa hannu kan wata kanta ya sauko da wani bambaro mai tsawon tafin hannu.

"Tun ran nan na ƙera shi. Ka buɗe haƙora sosai, kada ya ƙarasa maka sauran."

Da la'asar ya zauna ya taɓa harshen a hankali. Sautin ya fito da kauri, yana gurnani. Matar ta ajiye rigar da ke hannunta, ta ɗauki bokiti ta nufi ƙofa.

"Ina zuwa?" ya tambaya da ƙarfi.

"Injin ruwan maƙwabta ya tashi."

"Ni ne."

Ta dube shi, ta dubi ƙarfen, ta kife bokitin kusa da shi ta zauna a kai. "To sake."

Babban bambaro ba ya gudu. Harshensa sai ya gama rawa kafin a sake taɓa shi. Waƙoƙinsa na ƙuruciya, masu sauri, duk suka gagara. Uku kacal suka rage masa, masu tafiyar hawainiya, kuma su ya riƙa kaɗa mata a shekaru huɗun da suka rage musu tare.