Gonar da Muke Cewa Masar

Ubana bai yi salla ba har ya mutu. Ba'anne ne, na faɗa, wanda zai yi dariya ya yi. Shi ya sa ba a kai shi maƙabarta ba, aka rufe shi a gefen gonarsa tsakanin Tsibiri da Maraɗi, gindin wani gawo. Gonar nan Masar ake ce mata. Wata shekarar yunwa ita kaɗai ta yi gero a yankin, mutane suka riƙa zuwa da ƙwarya, sai wani malami ya ce ai wannan Masar ce ta zamanin Annabi Yusufu. Sunan ya zauna.

Ƙannen ubana suka sayar da ita ina can ina dakon buhuna a kasuwa. Bara na ji an yanka wurin filaye, har an fara gini. Na ce sai na gano kabarin kafin a haƙa masai a kansa, ko da jan bulo ne in kewaye shi.

Ɗana babba yana gyaran salula a Sabon Garin Maraɗi, na je na same shi ya duba mani wurin. Ni a lakwal, makarantar boko, aji huɗu na tsaya, ban iya taswirar nan tasu ta cikin salula ba. Ya rubuta Masar, abin ya kai shi ƙasar Larabawa. Ya ja hoton da yatsa har ya dawo hanyar Tsibiri.

"Baba, nan wurin Dubai aka sa."

"Uban wa ya sa?"

"Duk mai butik, ko ɗan shago ne, yana iya sawa, Baba."

Wato masu kuɗin da suka sayi filayen ne suka raɗa, don gidajensu masu gilashi. Nasu ya shiga salula. Namu da ya ciyar da gari bai shiga ba.

Na ɗauko Gwaggo daga Tsibiri, ƙanwar ubana, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga rufewar. Na ce wa ɗan kabu-kabu Masar, ya ce bai sani ba. Na haɗiye, na ce Dubai. Nan da nan ya tada babur.

Muka sauka. Ba gawo, ba kututture, sai katangu da tarin yashi. Gwaggo ta yi gabas, ta dawo, ta yi arewa, tana jan zane.

"Kai, ina iccen?"

"Sun sare, Gwaggo."

"To ni da mi zan gane? Ni iccen na sani."

Wani mai gadi ya leƙo daga ƙofar ƙarfe ya ce, "Tsohuwa, fili kuke nema? An gama rabo." Gwaggo ta ce ɗan'uwanta take nema. Ya tambayi lambar gidansa.

Da ta gaji, ta zauna jikin wata katanga, ta kwance ƙullin gumbar da ta zo da ita, ta barbaɗa a ƙasa, ta kira sunan ubana. Na ce nan ne? Ta ce ba ta sani ba, amma ƙafarta ta ƙare a nan.

Bulon da na saya suna nan a zaure, awaki na hawa. Gwaggo ta rasu da damina. Yanzu in na ce Masar, jikokina ca suke ƙwallo nake magana.