Jitar Kunnen Baba Bawa

Duk wanda ya taɓa sauka a Kaura Namoda da mataccen rediyo a hammata, to an nuna masa rumfar Mahmuda, can gefen tashar jirgin ƙasa. Mutum ne gajere mai ɗan tumbi, kullum da sukudireba saƙale a bayan kunne. Ba ya son hira in yana aiki. Amma in kana so ka ga ya ture rediyo gefe ya gyara zama, to tambaye shi labarin jitar nan.

Ɗan Dauran ne, ta ƙasar Zurmi. Mahaifinsa, Baba Bawa, makaɗin molo ne, irin wanda manoma kan aika wa damin gero da kaka don ya ambace su a waƙa. Ya so ɗansa ya gaje shi, ya ɗora masa molo a cinya ya fi sau ɗari, amma hankalin Mahmuda na kan rediyon maƙwabci. Da ya tasa sai ya bi motar hatsi zuwa Kaura, ya koyi gyara. Bawa bai yi faɗa ba. In dai aka tambaye shi sana'ar ɗansa, sai ya taɓe baki ya ce, "Yana can yana gyaran muryar wasu."

Shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, sanƙarau ya kwantar da Bawa. Allah ya tashe shi, sai dai ya tashi da kunne a toshe. Yana jin tsawa, yana jin lasifikar masallaci in ya tsaya dab da ita. Molo kuwa, yana kallon yatsunsa na motsi, shiru kake ji. Ya cusa shi ƙarƙashin gado, ya koma gindin darbejiya yana yini yana kallon hanya. Tuwo ma sai an yi da gaske.

"Babanka na nan yana ƙarewa a zaune," in ji Inna Saude, mahaifiyar Mahmuda, ranar da ya je gaishe su. "Ba ciwo ba ne. Kiɗin nan ne."

Mahmuda ya yi tunani: kunnen da ke jin lasifika ai bai mutu ba. Ya fara da kanga makirfo a bakin molo a rumfarsa, abin ya yi wata ƙara da ta kori awakin tasha. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ya kai lasifika kuma ba ya jin tsirkiyar molo, sai ta ƙarfe. Nan ya gane abin da ake buƙata katako ne marar rami da tsirkiyar waya, wato jitar lantarki, abin da bai taɓa riƙewa ba, sai dai hoto a jikin kwalin kaset.

Shekara uku yana juya maganar, ba kayan haɗi. Sai ga Shari'a ta zo, masu kiɗan otal suka watse, kayansu suka faɗa hannun 'yan gwangwan. Wata Alhamis a kasuwar Shinkafi, tsakanin kwaɗuna da tsofaffin tociloli, Mahmuda ya hango maganaɗisun jita guda biyu da naɗin wayarsu, da maɗauran tsirkiya shida a ƙulle cikin leda. Mai kayan ya ɗauka na keken ɗinki ne. Mahmuda bai gyara masa ba.

Sauran kayan kowanne da garinsu. Wani mai gyaran babur a Kasuwar Daji ya ba shi wayar kuloci, Mahmuda ya zauna ya warware ta sili-sili don yin tsirkiya. Amfilifaya ya ciro daga cikin wata rikoda da ta faɗa randa. Abin sawa a kunne kuwa, kawunan tsohuwar wayar tarho ne guda biyu, ya ɗaure su a lanƙwasasshen ƙarfe ya naɗe da tsumma. Katakon maɗaci ya samo wurin masassaƙin turmi, ya ɗora a babur sai Zurmi, wurin Ɗanbaba kafinta, taubashinsa.

"Kai, ɗan ƙauye," in ji Ɗanbaba, yana juya kwalin kaset ɗin, "kowa na ɓoye ganga, kai yanzu kaka ƙera jita?"

"Ba biki za ni kai ta ba. Cikin gida ne, kunnen mutum guda. Za ka iya, ko in nemi kafintan gaske?"

"Ni? Tsanin da ke jingine ga rabin rumbunan Zurmi wa ya yi su? Aje nan ka ga aiki."

Ya kuwa yi aiki. Ya fafe jiki, ya goge wuya har yana sheƙi. Da ya zo kan ƙarafan da ake gittawa a wuyan jita, ya ƙura wa hoton ido, ga shi ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana. Ya ga kamar tazararsu na raguwa, ya ce mai hoton ne ya karkace. Ya ɗauko awo ya raba su daidai wa daida, kamar matakalar tsani, ko gashi ɗaya babu bambanci. Mahmuda ya duba ya ce madalla. Shi ma iyakar saninsa ke nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Mahmuda da Ɗanbaba suka kai jitar Dauran da batirin mota. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka jona wata 'yar lasifika don Inna Saude ta ji. Bawa ya daɗe yana kallon abin kafin ya yarda aka sa masa kawunan tarho a kunne. Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Idonsa ya buɗe, ya ji! Sai ya kai yatsu zai ɗauko taken manoma da ya shekara arba'in yana kaɗawa. Abin da ya fito ba shi da kai ba shi da gindi. Ya sake, ya ƙara sakewa. Sannan ya zare abin daga kunnensa a hankali, ya ajiye.

"In haka kunnena ya mai da kiɗi," ya ce da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa, "ku bar ni da shiruna. Wanda ke cikin kaina ya hi wanga daɗi."

Ya tashi ya koma gindin darbejiya. Daren nan ko tuwo bai taɓa ba.

Mahmuda ya zauna kamar an zare masa laka. Ya zo gyara, ya ƙara ɓatawa: da tsohon na zaton kunnensa a rufe kawai yake, yanzu yana zaton ya lalace. Inna Saude ce ta zungure shi da muciya.

"Kai, tashi. Ba kunnenshi ba ne. Ni da nawa lahiya lau, abin da ya ji shi na ji. Wanga katako ne ke ƙarya."

"Inna, awo na sa hwa," in ji Ɗanbaba.

"Awon gado ko? Jira ni."

Ta shiga ɗaki ta jawo molon daga ƙarƙashin gado, ta goge ƙura da gefen zane, ta miƙa musu sandarsa. A jikin sandar akwai gurabe huɗu, baƙaƙe, sun ɗan lotsa, inda yatsun Bawa suka shekara arba'in suna sauka. Na farko da na biyu da tazara mai yawa, na uku ya matso, na huɗu ya kusa hawa kansa. Babu biyu da suka yi daidai.

Ɗanbaba ya cire hula ya sosa ƙeya. "Ashe mai hoton bai karkace ba."

"Kai ne ka karkace, tun haihuwa," in ji Mahmuda, dariya na ƙwace masa.

Da tsinken tsintsiya Inna Saude ta auna musu, daga inda tsirkiya ta tashi zuwa inda ta ƙare, da kowane gurbi, tana karya tsinke tana ba su. Suka koma Zurmi. Ɗanbaba ya ciccire ƙarafansa yana tsaki, ya cike ramukan, ya rage wuyan ya dawo tsawon molo cif. Mahmuda ya kwance tsirkiya uku ya bar uku. Ƙarfe ko ɗaya ba su mayar ba. Suka ce yatsun mai ita sun san hanya.

Da suka mayar da jitar Dauran, saura shawo kan Bawa, wanda ya rantse ba ya ƙara sa abin nan a kunne. Inna Saude ta ce a bar mata. Da hantsi ta sa aka kai jitar gindin darbejiya, ta zaunar da Mahmuda a gabansa, ta ce ya kaɗa taken manoma. Mahmuda, wanda rabonsa da molo tun yana yaro, ya shiga dagulawa. Bawa ba ya ji, amma yana gani. Ya kau da kai. Ya waiwayo. Yatsan Mahmuda ya sake sauka inda bai kamata ba.

"Kai! Ba nan ba! Kawo nan, sakarai!"

Ya fizge jitar. Inna Saude ta lallaɓo ta baya ta ɗora masa kawunan tarho. Hannunsa na sauka a wuyan ya ji tsawon da ya sani, yatsu suka tafi da kansu. Taken manoma ya fito daga 'yar lasifikar nan tas, da wata murya mai zaƙi da Dauran ba ta taɓa ji ba. Inna Saude ta tsaya da hannu a baki. Bawa ya lumshe ido ya kai ƙarshen taken, ya koma farko, ya fara ambaton manoma, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Can sai ya tsaya cak, ya karkata kai, ya taɓa tsirkiyar tsakiya sau biyu.

"Mamuda, wagga ta yi sanyi. Ɗaure ta kaɗan."

Mahmuda ya murɗa maɗaurin. Shi kansa bai ji ta saki ba.

"Ya isa. To haka." Bawa ya ɗaga murya ya juya wajen matarsa. "Saude! Akwai sauran hura?"

Ya shekara shida yana kaɗa ta, kullum da hantsi, a cikin gida. Duk Asabar Mahmuda kan zo da cajajjen batir ya ɗauki wanda ya mutu. Wani baƙo ya taɓa tarar da su a zaure ya tambayi Bawa sana'ar ɗan nasa. Sai da aka maimaita masa tambayar da ƙarfi sau biyu. Ya nuna Mahmuda da haɓa ya ce, "Wanga? Ai shi ya gyara ni."