Bareyin Aƙiƙ da igiyar da na ja musu

Na gama karatun Shari'a a Madina a farkon shekarun tamanin, da sakamako mai kyau, idan faɗin haka bai zama alfahari ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne iƙamata ta ɗalibta, wato takardar izinin zama a ƙasar, za ta mutu tare da karatun. Wanda bai sami kafili ba, wato ɗan ƙasa da zai ɗauke shi aiki ya tsaya masa, sai ya ɗaure kayansa. Abokaina suna ta murnar komawa gida. Ni kuwa na riga na sa wa raina zaman Madina, har in Allah ya yarda a binne ni a maƙabartar Baƙi'a. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai maiɗakina, ita ma sai da na haɗa mata da "wataƙila".

Ita ce ta kai kukana wurin Kawu, wani ɗan'uwan mahaifiyarta na nesa. Iyayensa sun zo Hajji da ƙafa ta Sudan suka zauna, aka haife shi a unguwar Anbariyya ta Madina. Tsohon soja ne, Hausarsa rabi Larabci, kuma shi ke kula da gonar wani attajiri a kwarin Aƙiƙ, a gefen birnin. Attajirin ya fi zama a garin Yanbu na bakin teku, inda yake da ɗakunan sanyi na ajiye kifi.

Gonar babba ce, an kewaye ta da doguwar katanga, akwai dabino da ciyawar barsim da injin ban ruwa. Shekarun baya wani ya yi wa mai gonar kyautar 'yan bareyi daga sahara, aka sake su a ciki don ado. Ga ruwa, ga ciyawa, babu kerkeci, sai suka yi ta haihuwa har gonar ta kasa ɗaukarsu. Sun aske barsim, sun rame, sun koma kan sabon dashen dabinon ajwa da aka yi a gefen gabas. Aka yanke shawarar a rage su. Kawu zai harba, ana bukatar wanda zai ruga ya yanka kafin rai ya fita, a kai naman gidajen tsofaffin mata marasa galihu.

Ranar da aka kai ni gaban attajirin, ya tambaye ni ko na iya yanka. Gaskiyar magana kaji na taɓa yankawa, sai ragon layya ɗaya da mutane suka danne mini. Don haka sai na fara jero masa sharuɗɗan yanka. Ina cikin na uku ya ɗaga hannu.

"Halas, ya isa haka, Ustaz. Zan karɓi kafalarka. Idan dashen dabinona ya tsira, gonar nan ce wurin aikinka."

Na koma gida na ce wa maiɗakina da alama mun zauna a Madina.

Safiyar farko, bayan Asuba, muka tsaya a bayan ɗakin inji. Kawu ya zaɓi wani namiji mai ƙaho, ya ɗora bindiga a kafaɗa. A daidai lokacin ne karatuna ya motsa, ba tare da kowa ya tambaye shi ba.

"Kawu, ɗan dakata."

Ya sauke bindigar. "Lafiya, Ustaz?"

Na yi masa bayani cewa Madina tana da harami kamar Makka, ba a farauta a cikinsa, kuma iyakarsa ta yamma ta nan wajen Aƙiƙ ta bi. Ban tabbata ko gonar tana ciki ko tana waje ba. Na ƙara da cewa, don adalci, malamai da yawa sun ce dabbar da aka kamo daga waje aka shigo da ita, mai ita yana iya yanka abarsa.

"To ai shi ke nan. Daga waje aka kawo su."

"Kakanninsu aka kawo, Kawu. Waɗannan a nan aka haife su."

Ya dube ni, ya dubi bareyin. "Ashe 'yan ƙasa ne irina. Kai kaɗai ne baƙo a gonar nan." Ya rataya bindigarsa ya tafi dafa shayi.

Na shiga yawon tambaya. Wani malamina ya ce kwarin Aƙiƙ shi ne iyaka. Wani ya ce a'a, bakin baƙaƙen duwatsun harra ne. Na uku ya tambaye ni ko ba ni da wani aikin yi ne. Na tattara maganganun na ɗauki wadda ta fi tsauri, na sayi doguwar igiya a kasuwa, na ja ta daga ɗakin inji zuwa wata tsohuwar magarya da ke jikin katanga. Na ce wa Kawu gabas da igiya akwai shubuha, yamma da ita babu saɓani, can za mu yi aikinmu. Washegari na ƙara matsar da ita yamma kaɗan, saboda kaffa-kaffa. Ina jin na sake matsarwa bayan nan, amma ba zan rantse ba.

Da farko abin ya tafi daidai. Kawu ya harba, ni kuma in tattare jallabiya in ruga da wuƙa, ina bismilla tun kafin in isa, don kada in manta idan na isa. Barewa ba ta da nauyi, wuyanta siriri ne, da ɗumi, kuma idonta yana kallon mutum har a gama. Ban taɓa sabawa ba. Tsofaffin matan da ake kai wa naman suka riƙa aiko mini da addu'a, na fara jin kaina mutum mai sana'a.

Sai bareyin suka gane igiyar. Ban san yadda dabba take karatu ba, amma sun fi wasu abokan ajinmu saurin ɗauka. Da sun hango Kawu da bindiga sai su tsallake igiya, su ɗan matsa gaba, su tsaya suna tuƙa suna kallonmu. Daga baya ma suka daina zuwa yamma gaba ɗaya. Garken duka ya tare a gabas, inda babu mai taɓa shi, kuma a gabas ɗin ne dashen ajwa yake. An ɗauke ni in kare dabinon, na tattaro masu cinsa na ajiye su a kansa, na kuma ba su aminci.

Na ce to mu koro su yamma. Na cire rawanina na shiga gudu a tsakanin dashen, ina kaɗa shi ina "hai, hai". Ina tsakiyar gudu na tuna cewa firgita naman harami don a fitar da shi ma an hana. Na ci birki har takalmina ɗaya ya fita. Kawu yana zaune a bakin tankin ruwa da ƙaramin kofin shayi.

"Me ya faru kuma, Ustaz? An saukar da wani sabon hukunci ne?"

"Ba sabo ba ne, Kawu. Ni ne na manta da shi."

"Allah ya ƙara maka mantuwa, ya waladi, ɗana."

A gida maiɗakina ta gaji da jin labarin igiya. Tana tsince shinkafa ta ce, "Malam, ka ce musu eh ko a'a mana."

"Ba haka ilimi yake ba."

"To ilimin ne zai je ya sabunta mana iƙama?"

Na ce mata akwai ƙamshin gaskiya a maganarta. Ta ce ita ba ƙamshi ta tambaye ni ba.

Wata safiya wata barewa ta yi kuskure ta ɓullo yamma. Kawu ya harbe ta, harsashin bai same ta daidai ba. Ta ja jiki ta faɗi a kan igiyar, kai da wuya a gabas, sauran jiki a yamma. Na iso da wuƙa na tsaya a kanta. Irin wannan mas'alar mun karanta ta a aji, har na tuna shafin, sai dai na kasa tuna wane ra'ayi aka rinjayar. Ƙafafunta suna shure ƙasa. Kawu ya zo ya tsaya a bayana, wannan karon babu zolaya a muryarsa.

"Tana shan wahala, Ustaz."

Na durƙusa a gabas da igiyata na yanka ta. Sama ba ta faɗo ba. Ina wanke wuƙa a bakin tanki na yarda da abin da na sani tun safiyar farko, cewa dabbobin nan dukiyar mai gona ce, a cikin katangarsa, kuma ina da malaman da zan jingina da su. Na ce wa Kawu gobe za mu naɗe igiyar.

Ba mu kai goben ba. Da la'asar motar attajirin ta shigo daga Yanbu. Ya zagaya dashen a hankali, hannuwansa a baya. Yawanci sun zama kututture, an cinye har zuciyar, wadda in ta tafi dabino ba ya dawowa. Sai ya yi tuntuɓe da igiyar, ya tambayi ta mece ce. Kawu ya nuna ni da haɓa.

Na yi bayani, ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai girmama ilimi. Sannan ya ce, "Ustaz, kalma ɗaya nake so. Halal ko haram?"

"Halal ne." Ina jin shi ne karo na farko a rayuwata da na ba da amsa ba tare da na ɗaura mata jela ba.

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun ranar farko. Wato, a ra'ayin da ya fi rinjaye."

Ya yi dariya har ya dafa kafaɗar Kawu, amma idonsa bai bar kan dashen ba. Ya ce a kewaye ɗan abin da ya rage da waya, a samo mahauci daga kasuwa ya riƙa bin Kawu. Ni kuma ya ce ba zai janye kafalarsa ba, tunda ya riga ya faɗa, sai dai gonar ba wurina ba ce.

"Za ka bi ni Yanbu, ɗakin sanyi yana neman mai amana. Kifi ne, babu yanka, babu iyaka. Ko a kifin ma akwai saɓani?"

Akwai wata 'yar magana da wasu malamai suka yi a kan jatan lande, ta zo mini har bakin leɓe. Na tuna fuskar maiɗakina a kan farantin shinkafa.

"Babu," na ce.

Mun yi shekaru a Yanbu, cikin gumi da ƙarnin kifi da hasken wutar matatun mai. Madina sai dai mu zo ziyara kamar kowane baƙo, mu kwana a gidan Kawu a Anbariyya mu koma. Duk zuwan da muka yi sai ya ba ni labarin bareyin, yana ce musu maƙwabtana na da. Ya ce sun ragu, sun yi ƙiba, suna nan zaune a Madina lafiya. Igiyar kuwa bai taɓa naɗe ta ba. Ya ce a kanta yake shanya rigarsa.