Tsanin da Na Zana a Bangon Makaranta

Akwai abin da na aikata da hannuna a birnin Alƙahira wanda ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun shuɗe, amma duk lokacin da na ji warin fenti sai gabana ya faɗi.

Maigidana karatu ya kai shi Masar, ni kuma na bi shi da takardar shaidar malanta a jaka. Na samu koyarwa a wata ƙaramar makaranta a unguwar Ainu Shams, ta 'ya'yan ɗalibai da 'yan kasuwarmu. Gidajen haya biyu aka haɗe a hawa na ƙasa. Tsakanin azuzuwan akwai wani dogon korido matsattse, bangonsa duk shatin hannun yara. Ni kuwa lokacin ji nake babu malamar da ta kai ni dabara, sai na roƙi a bar mini bangon nan.

Hutun zafi guda na kashe a kansa. Na hau jirgin ƙasa na metro zuwa kasuwar Ataba na sayo fenti da kwalaye, na zauna da manhajar kowane aji ina rarraba ta. Komai na zana shi daidai tsayin idon yaro. Hagu jadawalin sau ne da siffofin lissafi, dama kogin Nilu tun daga Sudan har teku, da sassan tsiro, kusa da famfo kuma yadda ake alwala. Duk mako nakan sauya kwalaye su dace da darasin da ake ciki. Da na tsaya a nan, da na ci riba.

Sai na ƙara da tsani a bangon ƙarshe. Kowane mataki sura ɗaya, daga Nasi har Amma, kowane yaro da katin sunansa, ranar Alhamis a matsar da wanda ya ba da hadda. Mu da muka tashi ana kiran na ɗaya da na ƙarshe a gaban makaranta duka, ban ga aibun abin ba. Abokiyar aikina, wata dattijuwa 'yar Maraɗi, ta dubi tsanin ta ce yana da kyau, amma in tuna kowane tsani yana da ƙasa. Na yi dariya na ce ai gasa ce ke sa yaro ƙoƙari.

A zangon ne aka kawo mana wata yarinya 'yar shekara tara, cikin Hausawan Sudan da yaƙi ya koro. Gwaggonta ce ta kawo ta, mace mai yi wa amare lalle. Ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa zango ɗaya za ta gwada. In yarinyar ta ɗauki karatu ta ci gaba, in ba ta ɗauka ba ta dawo ta riƙa bin ta gidajen biki da kayan lalle.

Yarinyar ba ta magana. Haddarmu ta biyawa ce, in karanta yara su maimaita, ita kuwa sai motsa leɓe. In na kira ta sai ta yi kamar ba da ita nake ba, ni kuma in fusata in ce taurin kai ne. Amma lokacin tara, sauran yara na guje-guje, ita tana tsaye a korido tana bin zanen bango da ɗan yatsa. Na ɗauka wasa take, har na taɓa yi mata tsawa kada ta ɓata mini fenti.

Makonni suka wuce, katunan yara suna hawa, nata yana nan a Nasi. Yara suka sa mata suna 'yar ƙasan tsani. Daga nan ta daina tsayawa a korido, ta koma wucewa da sauri kanta a sunkuye. Na lura, kuma Allah ya yafe mini, daɗi na ji, wai kunya ta fara kama ta za ta gyara.

Ana gobe taron iyaye dattijuwar ta same ni tana cewa in cire katunan nan, ko na yini ɗaya ne, domin na san sharaɗin da ke kan yarinyar. Na ƙi. So nake iyaye su ga aikina su yaba, kuma sun yaba. Ina cikin karɓar sambarka gwaggon ta shigo, hannuwanta baƙi ƙirin da lalle. Ba ta iya karatu ba, amma tsani ba ya bukatar tafinta. Ta tambayi ina tata take, wani yaro ya nuna mata. Sai da ta durƙusa kafin ta ga katin. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta miƙe ta kama hannun yarinyar.

"Khalas, shi ke nan, Malama. Mun gode."

Bayan mako biyu ina kwashe kayan teburin yarinyar na tsinci wani littafin rubutu. Na buɗe, sai ga bangona gaba ɗaya a ciki. Jadawalin sau har na goma sha biyu, kogin Nilu da garuruwansa, sassan tsiro, har kwalayen da na cire tun makon farko. A shafukan baya ta ƙirƙiro wa kanta lissafi ta amsa, ban samu kuskure ko ɗaya ba. Na zauna a kan ɗan bencinta da littafin a hannuna.

Ranar Juma'a ni da dattijuwar muka nemi gidansu, ɗaki ɗaya a hawa na shida. Na nuna wa gwaggon littafin. A nan ta gaya mana cewa tun ranar da wani abu ya fashe a unguwarsu, ranar da uwar yarinyar ta rasu, yarinyar ba ta ji sai an ɗaga murya a kunnenta na hagu. Ta ɓoye ne don tsoron kada mu ƙi karɓarta. Wato wata uku ina biya karatu ga yarinyar da ba ta jin muryata, bangon nan kaɗai ke koyar da ita, ni kuma na kore ta daga gabansa.

Na roƙi gwaggon, na ce kuskurena ne, zan zaunar da ita a gefena, zan rubuta mata komai. Matar ta yi laushi, ta ce in yarinyar ta yarda ita ba ta hana ba. Na matsa kusa da kunnen yarinyar na hagu na ce ta dawo makaranta. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko da na ji muryarta sosai.

"Malama, sunana yana nan a ƙasa?"

Yana nan. Ko cire shi ban tuna na yi ba. Na kasa yi mata ƙarya, na ce gobe zan cire. Ta girgiza kai ta koma bayan gwaggonta, duk lallashin da muka yi ba ta sake ɗagowa ba.

Washegari na shafe tsanin da farin fenti. Na bar yarinyar ta huce kwana goma na koma gidansu, mai gadin gidan ya ce sun tashi, yana jin unguwar Faisal suka nufa. Na yi cigiya wurin masu lalle har na gaji, ban sake ganinta ba.

Har yau ina koyarwa, har yau ina zana bango, domin na ga amfaninsa da idona. Amma na koyi cewa faɗan malami na minti ɗaya ne, na bango kuwa daga safe har tashi, a gaban kowa, kuma ba ya tambayar yaro me ke damunsa. Darasi nake sa wa bango, ba hukunci ba. In kuma yaro ya yi shiru a ajina, sai na binciki dalilin shirun kafin in ce masa komai.