Malam Bunu da Fatar Barewa

Malam Bunu majemi ne a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta. Kakansa ne ya zo da sana'ar daga Borno, shi kuma ya buɗe ido ya tarar da ramukan toka da tukwanen bagaruwa a bayan gidansu. Inda ya fi sauran majema shi ne fitar da tabon albarushi. Idan maharbi ya kawo fatar gada ko barewa, sai ya jiƙa wurin da ruwan tsamiya, ya murza da dusa, ya bi da bakin wuƙa a hankali har baƙin ya tashi. Ya shekara arba'in yana yi, har ta kai da ya kalli tabo ya san nisan da aka yi harbin.

Da gonaki suka cinye daji, namun dajin suka yi nisa, aikinsa ya koma fatun awaki da na ragunan layya.

Wata rana da kaka, Khalilu maharbi ya shigo da fatar barewa a buhu. Bunu ya shimfiɗa ta, ya ga albarushin ya babbake gashi kamar faɗin tafin hannu, ga kuma wuyan ya goge a zagaye. Nan take ya tuna da Inna Furera, tsohuwar ƙauyen gaba, wadda ta raini barewa da nonon akuya, kuma kwana uku ke nan ana cigiyar barewar.

"Khalilu, taku nawa ne tsakaninku?"

Khalilu ya sunkuyar da kai. "Bai kai biyu ba, Baba. A gonar wakena na same ta, tana jan igiya. Ita ta taho wurina. Shekara uku rabona da harbin komai."

Bunu bai yi masa faɗa ba, don shi ma da ya taɓa fatar sai da ya ji daɗi a ransa. Ya ce, "Zan gyara, amma ba gidanka za ta koma ba."

Ya yi mako biyu a kanta. Baƙin ya fita, gashin da ya ƙone kuwa ba yadda ya iya da shi. Ranar wata Juma'a suka tafi gidan Inna Furera da fatar, Khalilu na biye da shi, suka yi sallama, Bunu ya faɗa mata gaskiya.

Inna Furera ta daɗe tana shafa wuyan fatar, sannan ta dubi Khalilu.

"Ka dai yanka ta kafin ta cika?"

"Na yanka, Inna."

"To, ba ta tafi a banza ba. Na yafe."

Ta sa aka dama musu fura. Khalilu ya kasa sha, Bunu ya shanye tasa, suka kamo hanya ta cikin gonakin dawa har gida.