Iskar da ta sauko daga Ɗa'ifa

Mu mutanen Jos, abin da muka sani game da dutse shi ne sanyi. In iska ta gangaro daga kan duwatsu, rigar sanyi ake nema, a rufe taga. Da wannan sanin na zo Jidda, ni da Inna, muka yi Umra muka ƙi komawa. Muka kama ɗaki a unguwar Ruwais. Ni ina kai gyaɗa da ƙuliƙuli kasuwar Bab Makka, ita tana gida tana fama da ƙafafunta da zafin garin.

Zafin Jidda danƙo gare shi. Ki yi wanka, kafin ki ɗaura zane kin sake jiƙewa. Inna ta rame, abinci ya fita ranta, kullum zancenta Ɗa'ifa, don an gaya mata can kan dutse ne, har bargo ake rufa.

"Ki kai ni ko na kwana biyu ne, in sha iska," haka take cewa.

Da wace iƙama, mu da ba mu da takardar zama? Hanyar nan duk bincike ce. Sai in ce mata to, in ɗauki farantina in fita.

Wata safiya na hau saman bene shanya, na ji iska daban. Ba danƙo ko kaɗan, gumina ya bushe nan take. Maƙwabciyarmu, haifaffiyar Jidda ce, tana kwashe kayanta da sauri, ta ce, "Wannan ba ta bahar ba ce, ya ukhti, daga jabal take, daga kan dutse, wajen Ɗa'ifa." Ta sauka abinta.

Murna ta kama ni. Ga Ɗa'ifa ta zo har gida, ba bincike ba komai. Na goyo Inna, hawa uku, na shimfiɗa mata tabarma a inuwar tankin ruwa. Na ajiye mata buta cike. Har mayafi mai kauri na bar mata, wai kada sanyi ya yi mata yawa. Wannan mayafin har yau kunyarsa nake ji.

Da hantsi a kasuwa iska ta koma kamar an buɗe bakin tanda. Hancina ya bushe, masu yadi suna sauke labule. Na tsaya ina gardama da kaina: zafin kwalta ne, can sama ai iskar dutse ce. Taurin kaina ya riƙe ni har azahar, sannan na bar farantin na kama hanyar gida.

Na tarar inuwar ta gusa. Leɓunan Inna sun tsage, ruwan butar ya yi zafin da zai jiƙa shayi, ina kiranta tana kallon wani wuri. Mijin maƙwabciyar ne ya sauko da ita, muka yi ta shafa mata jiƙaƙƙen tsumma. Asibiti kuwa ba mu isa ba tunda ba mu da takarda, sai wata ma'aikaciyar jinya aka roƙo ta zo gida ta sa mata ruwa.

Mijin maƙwabciyar direba ne, ya san hanyar dutsen. Ya ce iskar da sanyinta take tasowa, amma tana gangarowa tana ɗaukar zafi, kafin ta iso Jidda ta zama wuta.

"To wa ke hura mata wutar a hanya?" na tambaye shi.

"Ba kowa. Saukowar ce kawai, khalas, shi ke nan."

Ni dai ruwa na sani yana gangarowa daga dutse, ban taɓa ganin ya tafasa a hanya ba. Ya sake bayani sau biyu, na ɗaga masa kai don kada in gajiyar da shi. Shekara nawa yanzu, ban gane ba.

Kwana uku kafin Inna ta dawo hayyacinta. Na ce, "Inna, me ya hana ki kira wani?"

"Na ji zafin tun kina saukowa," ta ce. "Sai na ga yadda kike murna."

Ta ƙara kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Da yayana ya bugo waya daga gida yana tambayar me ya same ta, na ce masa zazzaɓi ne.